Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Minista mai kula da al'adu da shugabannin ɗakunan karatu na Nijar: a buɗe mana katalog

Assalamu alaikum Mai girma Minista, da ku shugabannin ɗakunan karatu na jami'o'inmu da na gidajen al'adu, tun daga Yamai har Diffa. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya taya ku riƙo. Ni malamin makaranta ne a Tawa, tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, kuma ranakun da ba ni da aji ina taimakawa a wani ƙaramin ɗakin karatu na unguwa, shi ya sa na ga ya kamata in rubuto maku a fili inda kowa zai gani, don maganar ta shafi duk wanda ya taɓa shiga bibliyotek neman littafi ya fito hannu rabbana alhali littafin yana nan ciki.

Roƙona ɗaya ne mai rassa biyu. A ɗora katalog ɗin ɗakunan karatu na gwamnati, wato jerin littattafan da ke cikinsu da bayanin kowanne, a kan buɗaɗɗiyar manhaja, wato lojisiyel ɗin da kowa ke da ikon ya ɗauka ya girka ya gyara ba tare da biyan lasisi ba, sannan a bar wa masu karatu ƙofa su riƙa ƙara abin da suka sani game da littattafan da ke ciki. Na biyun shi ya fi ci mani rai, amma ba zai yiwu ba sai an yi na farkon, don haka da shi zan fara.

Kun fi ni sanin halin da ake ciki. A watan Maris na 2025 kundin Refondation, wato dokar da ake tafiyar da mulkin ƙasa da ita, ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, kuma a cikin watan nan ne dai Nijar ta fice daga ƙungiyar Francophonie wadda da tallafinta aka kafa ɗakunan karatu na CLAC, cibiyoyin nan na karatu da raya al'adu. Gidan al'adun da muka sani da CCFN a Yamai yanzu sunan Moustapha Alassane yake ɗauke da shi, mai shirya finafinan nan da ya zauna a nan Tawa shekara da shekaru. To tunda mun ce za mu riƙe abinmu da hannunmu, ai lissafin abin da muka mallaka ne farkon riƙo. Wane littafi ne a Maraɗi, wane ne a Damagaram, wanne ne saura kwafi ɗaya tak a ƙasar nan kuma gara tana cin sa? Ɗalibin da ke Tawa yau, in yana son ya san ko wani littafi yana Yamai, mafi sauƙin hanya a wurinsa ita ce ya kira wani ɗan uwansa ya roƙe shi ya hau kabu-kabu ya je ya duba masa, ko shi da kansa ya biya kuɗin bis ya yi tafiyar sama da kilomita 500 a kan "wataƙila".

A ƙananan ɗakunan karatu da na shiga, katalog ɗin kaye ne babba mai layi-layi, ko akwatin katuna, ko fayil ɗin Excel a cikin ordinatar ɗaya. Wasu cibiyoyin takardu kuma sun daɗe da wani lojisiyel na katalog mai suna WinISIS, jikan CDS/ISIS ɗin nan da UNESCO ta fara rabawa kyauta tun 1985, ya yi wa Afirka aiki ƙwarai, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo shi, amma ya tsufa, ba ya tashi kai tsaye a kan Windows na yanzu, sai ka ga ana lallaɓa wata tsohuwar ordinatar ana rufe ta da zane saboda ƙura don ita kaɗai ce ke iya buɗe aikin shekara ashirin.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo, kuma da idona na gani a wani wuri da ba zan kama suna ba. Proje ya zo, an sayi lojisiyel na kuɗi, an yi atiliye an ba da takardar shaida, wata baiwar Allah ta zauna watanni tana shigar da littattafai ɗaya bayan ɗaya, suna, marubuci, shekara, lambar kanta, da zafin nan na watan Afrilu. Proje ya ƙare, lasisi ya ƙare, wanda ya girka abin ya tafi da lambar sirrin shiga ta babban mai kula, lambar wayarsa ma ta daina shiga. Ranar da na je ta kunna mani injin, ga sunan ɗakin karatun nan a saman allo, ga wani ɗan akwati yana neman a sabunta lasisi, ta danna ta danna ba abin da ya motsa, sai ta jawo tsohon kayenta daga ƙarƙashin tebur ta ce mani Mushe ai mun koma nan. Littattafan namu, gumin nata, amma bayanan suna kulle. Tamkar ka gina rumbu a gonarka ka zuba hatsinka, makullin kuma yana aljihun baƙon da ya riga ya bar gari.

Ranku ya daɗe, maganin wannan yana nan kuma ba sabon abu ba ne. Akwai buɗaɗɗun manhajojin katalog guda biyu, Koha da PMB. Koha an rubuta ta a 1999 a ƙasar Niyu Zilan, don ɗakunan karatu na wani ƙaramin yanki mai suna Horowhenua waɗanda tsohuwar manhajarsu ba za ta iya tsallake shekarar 2000 ba, suka sa aka rubuta masu sabuwa, suka kuma sake ta ga duniya a ƙarƙashin lasisin GPL mai ba kowa ikon ɗauka da gyarawa, yau dubban ɗakunan karatu ke aiki da ita, ana fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, Mayu da Nuwamba. PMB kuwa a 2002 wani ma'aikacin ɗakin karatu na garin Agneaux a Faransa, François Lemarchand, ya fara ta, ta fi sauƙin girkawa a ƙaramin wuri, kuma ma'aikatanmu da suka yi karatu a EBAD, makarantar ma'aikatan ɗakin karatu ta Dakar, ko a nan gida da yawansu sun san ta. Dukansu biyu suna karɓar UNIMARC, tsarin bai ɗaya na rubuta bayanin littafi a ordinatar, dukansu suna rubuta baƙaƙen Unicode, tsarin da ya ƙunshi baƙaƙen harsunan duniya, kuma abin da ke cikin WinISIS ana iya fitar da shi ta tsarin musayar bayanan katalog na ISO 2709 a gyara a zuba a cikinsu, ba sai an sake bugawa daga farko ba. Ni ban zo tallan ɗaya daga ciki ba, masu sana'ar su zauna su zaɓa. Abin da nake so shi ne duk wadda aka zaɓa, ya kasance kowace rana ɗakin karatu na iya kwashe bayanansa gaba ɗaya a kan kle USB ya kai inda ya ga dama.

Kada dai wani ya zo ofishinku ya ce maku abin kyauta ne don haka ba ya buƙatar kasafi. Lasisin ne kawai ba a biya. Injin da zai ɗauki katalog ɗin kuɗi ne, batir da faranti na hasken rana kuɗi ne, don mun ga abin da ya faru da kuran a watan Agusta na 2023 lokacin da aka yanke layin da ke zuwa daga Najeriya, kuma ko ba wannan ba kowa ya san lokacin zafi. Kwafin ajiya da za a riƙa yi kullum ana kai shi wani gini dabam kuɗi ne. Mafi girma kuma shi ne albashin mutum, ɗan ƙasa, wanda ya san Linux, tsarin da irin wannan injin ke aiki da shi, da rumbun bayanai, wanda za a kira ya ɗauki waya. Muna da yara masu digiri a informatik suna zaune suna gyaran portabul a bakin kasuwa, kuɗin da ake turawa waje kowace shekara da sunan lasisi da a ce su ake ba, da ilimin ya zauna a gida. Bambancin ke nan, kuma a ganina ya isa hujja.

To yanzu in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko.

Littafin da aka buga a Paris ba shi da wahalar shigarwa. Ka buga lambar ISBN da ke bayan littafin, ta hanyar Z39.50 da katalog ke tambayar wani katalog manhajar ta je ɗakin karatu na ƙasar Faransa ta kwaso bayanin a shirye, tun 2014 ma sun saki bayanansu kowa ya yi amfani da su. Minti ɗaya an gama. Amma ɗauko littafin yaƙi da jahilci da aka buga da injin roniyo a shekarun 1970, ko ƙasidar wani malami da aka yi wa fotokopi ake sayarwa a ƙofar masallaci, ko littattafan Kano da ƴan kasuwa ke shigowa da su ta Ƙwanni waɗanda da yawansu ba su da ISBN, wasu ko shekara babu a jiki, ko tsofaffin littattafan gwaji na makarantun harshen gida da aka fara a 1973, to wannan ba inda za ka kwaso shi. Sai ma'aikaci ya zauna ya rubuta da kansa, shi kaɗai ne a wurin, shi ke shara shi ke ba da aro shi ke tsawata wa yara, kuma an koya masa aikin ne da Faransanci da jerin kalmomin rarraba littattafai na RAMEAU da aka tsara don wata ƙasa. Ba laifinsa ba ne in ya rubuta "Brochure en langue haoussa" ya wuce. Sai dai daga ranar nan littafin ya ɓace, ko da kuwa yana kan kanta.

Wanda ya san abin da ke cikin littafin nan yana raye, yana cikin gari, wani lokaci ma a kan benci yake zaune a ƙofar ɗakin karatun. Muna da wani kwali na irin waɗannan ƴan littattafai, bangon wasu ya cire, mun rasa yadda za mu yi da su. Wani dattijo da ya yi aikin yaƙi da jahilci kafin ya yi ritaya yakan shigo karanta jarida, ran nan ya ga kwalin ya sa hannu ya ɗauko ɗaya mara bango, ya ɗaga shi kusa da taga saboda idonsa, ya karanta layi biyu sai ya yi murmushi ya ce "wanga ai na san shi, na noman albasa na, mu munka karantar da shi", ya faɗi garin da aka rubuta shi, ya faɗi cewa bayan babbar yunwar nan ta 1973 zuwa 1974 aka fito da shi, ya ce akwai na biyunsa a kan rijiyoyin lambu, ya tona cikin kwalin har ya zaro shi. Ya yi ta yi har aka kira la'asar, yana ɗauka yana faɗi, ni ina rubutawa a bayan takardar jarrabawa don ba inda zan sa. Katin littafi ba shi da gurbin "abin da mai karatu ya sani". Kayen ma haka. Da a ce muna da katalog mai ƙofa, da abin da ya faɗa yana manne da kowane littafi, da ɗalibar da ke rubuta memwar a kan noman albasa a Galmi ta buga kalma ɗaya daga Yamai ta same shi.

Irin wannan dattijo suna da yawa, kuma ba ƙaruwa suke ba. Akwai matan da suka karance littattafan Kano tun suna ƴan mata, su za su gaya maka wannan kashi na biyu ne na wancan, wannan sunan alƙalami ne, wannan kuma kada a ba yaran firamare. Akwai malaman zaure da in ka nuna masu shafi ɗaya na ajami za su ce maka waƙar wane ce, a wane karin aka yi ta, wa ya yi mata tahamisi. A IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami kimanin 4000, tarin da Boubou Hama ya fara haɗawa, gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga kundin bayaninsu, aiki ne babba kuma abin alfahari. CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, tana nan a Yamai tun 1968 da muryoyin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Masana sun yi nasu ƙoƙarin, amma masani ɗaya ba zai san kowane kirari na Adar da kowace zuriyar malamai ta Abalak ba, jikokin masu abin su suka sani.

Ga kuma maganar baƙaƙe, wadda duk wanda bai taɓa nema ba zai ɗauka ƙarama ce. Mu a Nijar muna rubuta ƴ, maƙwabtanmu suna rubuta 'y, tsofaffin injinan buga rubutu ba su da ƙ da ɗ da ɓ don haka za ka ga k' ko k kawai ko ɗigo a ƙasa, yaro kuma a wayarsa "kasa" zai buga yana nufin ƙasa. Sunayen wurare ma haka, Tahoua da Tawa, Zinder da Damagaram, Birni N'Konni da Ƙwanni, Madaoua da Madawa. Ɗalibina zai buga "Ader" yadda ya gani a taswira, littafin Djibo Hamani na 1975 kuwa, wanda jami'ar garinmu ke ɗauke da sunansa, "Adar" ya rubuta a kansa, sai injin ya ce babu, yaro ya tashi ya tafi yana cewa ba a yi rubutu a kan yankinsu ba. A buɗaɗɗiyar manhaja wannan gyaran yini ɗaya ne, akwai wurin da ake gaya wa injin nema cewa ƙ da k ya ɗauke su abu guda in ana bincike, ma'aikacinmu zai buɗe ya gyara ya raba wa kowa. A manhajar kamfani sai ka rubuta wasiƙa ka jira, kuma kasuwarmu ba ta kai girman da za su damu ba. Sauran sunaye da laƙabobi kuma, waɗanda ba wani injin da zai ƙirƙiro su, masu karatu ne za su ƙara, ɗan Buza ya sa yadda ake faɗi a Buza, ɗan Keita ya sa nasa.

Kuma wannan ba mafarki nake ba, an gwada a wasu wurare. A Janairun 2008 ɗakin karatu na majalisar Amurka ya zuba tsofaffin hotuna sama da 3000 a dandalin hotuna na Flickr ya ce jama'a su taimaka, mutane suka riƙa gane wurare da fuskoki, har aka gyara bayanan asali da abin da suka kawo. A Ostareliya tun 2008 jama'a ke gyara kurakuran da inji ya yi wajen karanta tsofaffin jaridu, a dandalin da yanzu ake kira Trove, miliyoyin layuka suka gyara ba a biya su ko dala ba. Open Library, wani katalog na littattafai a intanet, kowa na iya shiga ya gyara bayanin littafi. Ga kuma Wikipedia ta Hausa da yaranmu ke rubutawa da kuɗin forfe ɗinsu. In waɗancan ƙasashe masu ɗaruruwan ƙwararru sun ga suna buƙatar hannun jama'a, ina ga mu?

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mani. Za a ce in aka buɗe ƙofa mutane za su cika katalog da zagi da siyasa da rigimar aƙida, wannan ya ce littafin wane bidi'a ne wancan ya rama. Tsoron yana da tushe, duk mun ga abin da ake yi a Facebook da gurup-gurup na WhatsApp. Amma Koha da PMB dukansu an gina su da wannan a rai, sharhi ko kalmar nema da mai karatu ya sa ana iya tsare ta ba ta fitowa sai ma'aikaci ya duba ya amince, kuma mai katin ɗakin karatu ne ke rubutawa, ba wani da ya faɗo daga sama ba. Za a ce kuma mutane za su kawo kuskure, wani ya ce 1975 alhali 1978 ne. Za su kawo mana. Shi ya sa bayanin ma'aikaci zai zauna a wurinsa ba mai taɓa shi, na mai karatu kuma a ƙasa da alamar cewa daga mai karatu ne da ranar da ya faɗa, in an tabbatar sai a ɗaga shi sama, in mutum biyu sun saɓa a bar duka biyun a gani, mai bincike ya san inda zai fara tono. Wannan ya fi "Brochure en langue haoussa" nesa ba kusa ba.

Ƴan uwana ma'aikatan ɗakin karatu, na ji wasunku suna ganin kamar ana so a raina sana'arku ne, a ce kowa ma zai iya. Wallahi ba haka nake nufi ba. Aikin nan zai ƙara maku nauyi ne ma, don ku za ku tace, ku za ku yanke hukunci, ku za ku san wane dattijo ne maganarsa ke da ƙarfi a kan wane fanni. Abin da nake roƙa wa ku a wurin Minista shi ne a lissafa wannan a cikin aikinku, a ba shi lokaci, a ba shi horo, kada a ɗora maku shi a kan wanda kuke ɗauke da shi a ce ku yi don Allah.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce wadda ba a cika faɗi ba, cewa za a buɗe ƙofar kuma ba wanda zai shigo. Gaskiya ne a wurare da dama an kunna wurin sharhi a katalog ya zauna fayau, don mutum ya zo neman littafi ne ba hira ba. Mu kuma namu ya fi haka, waɗanda suka fi kowa sani su ne ba sa buga rubutu a waya, wasu boko ma ba su yi ba, rezo kuma in ka bar babban gari sai addu'a. Don haka kunna maɓalli kaɗai ba zai yi ba, sai an je an same su. A sa rana ɗaya a wata, a kira tsofaffin malaman makaranta da na zaure da ma'aikatan gona da na rediyo da suka yi ritaya, a shimfiɗa tabarma a dafa shayi, a fito da kwali ɗaya, ɗalibai biyu su zauna da ordinatar suna shigarwa, a naɗi muryar wanda ya yarda. Gidajen rediyon karkara su karanta shafin farko na littafin da aka rasa mai shi, a ba da lambar ɗakin karatu, wanda ya sani ya aiko da saƙon murya, mutanenmu sun iya wannan ƙwarai. Ɗaliban jami'a a sa masu shi cikin staj ɗinsu a ba su maki. Manhajar kuma tana iya zama a kan inji ɗaya cikin ɗakin ba tare da intanet ba, in rezo ya samu a tura abin da aka tara zuwa babban katalog na ƙasa.

Abu biyu nake so a rubuta a takarda tun kafin a fara, don in an bari sai daga baya ba za a yi ba. Sirrin mai karatu: abin da mutum ya ara ba na kowa ba ne, yarinyar da ta ari littafi kan lafiyar mata ko saurayin da ya ari na siyasa kada sunansu ya fita, Koha na iya goge sunan mai aro daga tarihin littafi bayan ya mayar, a kunna wannan, kuma muna da hukumar HAPDP mai kare bayanan mutane, a nemi shawararta. Wanda ya ba da bayani kuma a tambaye shi ko yana so a sa sunansa ko a'a. Sai mallakar abin da aka tara: bayanan katalog ɗin su kasance a sake, kowa ya kwafa, jami'ar Sakkwato ko ta Kano ko Wikidata, rumbun bayanai ɗan uwan Wikipedia, su ɗauka mu ma mu ɗauki nasu, kada wata rana wani kamfani ya tattara abin da tsofaffinmu suka bayar kyauta ya dawo yana sayar mana.

Na yi ta cewa Hausa saboda ita na sani kuma ita ake ji a inda nake, amma duk abin da na faɗa ya hau kan Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da Tubanci da Gurmanci da sauran harsunanmu, wasunsu ma sun fi Hausa buƙata don abin da aka buga da su kaɗan ne, in kwafi ɗaya ya ɓace shi ke nan. A Cintabaradan akwai masu karanta tifinag, rubutun Buzaye, Unicode na ɗauke da shi, katalog ɗin ya karɓe shi. Fuskar manhajar ma, wurin da aka rubuta "Rechercher" da "Réserver", ana fassara ta, Koha tana da dandalin fassara a buɗe ga kowa, ba sai an fassara duka ba, a fara da shafin da mai karatu ke gani, malaman INDRAP, cibiyar tsara kayan koyarwa, da na sashen harsuna na jami'a su duba kalmomin don kada kowa ya ƙirƙiro nasa.

Mai girma Minista, ban ce a yi ƙasa duka a shekara ɗaya ba. A ɗauki wuri biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a nan Tawa, a girka manhaja ɗaya, a ɗauki ma'aikacin informatik ɗaya da albashinsa a cikin kasafin ma'aikata ba a aljihun proje ba, a fara da littattafan harsunan gida tunda su ne ba wanda zai yi mana su daga waje, bayan shekara a fito a faɗa wa jama'a littafi nawa aka shigar, bayani nawa masu karatu suka kawo, nawa aka karɓa nawa aka ƙi. Kafin nan kuma akwai abin da ba ya cin ko jika ɗaya, sa hannunku kawai yake so: takarda zuwa ga duk ɗakin karatu na gwamnati da na kumin cewa daga yau ba a karɓar wata manhajar katalog, ko saye ko kyautar mai ba da tallafi, sai an rubuta a yarjejeniya cewa lambar sirrin babban mai kula tana hannun ɗakin karatun, kuma ana iya fitar da bayanan duka cikin UNIMARC ko ɗan uwansa MARC 21 duk ranar da aka so. Mu a nan muna da tsofaffin da suka ce za su zo, muna da ɗaliban da za su shigar, in kun turo wanda zai duba za mu tarbe shi.

Allah ya ba ku ikon dubawa. Wassalam.

Naku,
wani malamin tarihi da labarin ƙasa, Tawa